Daga Garwa zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?

 Duk shekara idan jigilar alhazai ta kankama a filin jirgin sama na Garwa da ke Kamaru, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin maniyyata da 'yan rakiya: awa nawa ne zuwa Jidda? Mutane da yawa kan ɗauka cewa wanda ya san nisa ya san lokaci. Shirinmu na yau zai nuna cewa abin ba haka yake ba.

Bari mu fara da awo. Duniya a dunƙule take kamar ƙwallo, saboda haka masana sufurin sama sukan auna gajeriyar hanyar da ta bi lanƙwasar doron ƙasa. Da wannan awo, tsakanin Garwa da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 3,100, hanyar kuma ta ratsa Cadi da Sudan kafin ta tsallake Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja yakan ci wajen kilomita 850 a awa guda, ke nan da tashi da sauka tafiyar za ta kai awa huɗu. Wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙafa da bisa jakuna, wata da watanni, wasu ma shekaru, kafin su isa Sawakin su hau jirgin ruwa.

To amma jirgi yana bin sararin da aka ba shi izini ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo alhali garuruwan suna nan inda suke. Ga kuma iska: idan tana bayan jirgi sai ta tura shi, idan tana gabansa sai ta ci masa lokaci. Sannan agogon Saudiyya yana gaban na Kamaru da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe takwas na safe, ya yi awa huɗu a sama, ƙarfe biyu na rana zai tarar a Jidda.

Wani zai ce, ai wayar hannu tana ba da lissafin nan take. Gaskiya ne, sai dai sau da yawa miƙaƙƙiyar hanya take aunawa, ba ta san an rufe wani sarari ba. Wani kuma zai ce, me ya shafi talaka da wannan? Ya shafi dattijuwa mai ciwon sukari da ke shan magani a kan lokaci, ya shafi mai son sanin lokacin salla a cikin jirgi, ya shafi iyalin da suka ƙura wa waya ido a Marwa ko Ngaundare suna jiran labarin sauka.

Saboda haka, maniyyaci, ka tambayi jami'an jigila abu uku: ta ina za a bi, za a yada zango ko kuwa, kuma lokacin saukar da ke jikin tikiti da agogon wace ƙasa aka rubuta shi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.