Ina Madarar Shanunmu Take Shiga?

Najeriya na da shanu kusan miliyan 20, yawancinsu a hannun Fulani, amma madarar da mai shayi ke tsiyayawa a Kano ko Zariya daga garin madarar ƙetare aka haɗa ta. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce sama da dala biliyan ɗaya ake kashewa duk shekara wajen shigo da ita. To me ya hana manyan kamfanoni su leƙa ruga su saya?

Kamfanonin aka fara tuhuma, wai garin waje ya fi musu araha, musamman wanda aka cire masa mai aka cike gurbinsa da manja. Zargin ba ƙarya ba ne. Shi ya sa a Fabrairun 2020 bankin ya taƙaita dalar shigo da madara ga kamfanoni shida da suka yarda su zuba jari a kiwon gida, cikinsu har da FrieslandCampina WAMCO mai Peak, da Arla mai Dano, da Nestlé. Suka fita nema da kuɗi a hannu, amma abin da suka tara bai taka kara ya karya ba. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Sai zargi ya koma kan saniya. Bunaji ba ta wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana bayan maraƙi ya sha, alhali ta Holan tana haura 20. Amma lita ɗaya sau miliyoyi ai kogi ne.

Alama ta uku tana cikin ƙwarya. Madarar da aka tatsa da safe, in ba ta samu sanyi ba, cikin awa uku zuwa huɗu za ta fara juyawa a irin zafinmu. Tankar kamfani kuwa ba za ta bi burtali don lita biyar ba. Bafulatana ta daɗe da maganin wannan: ta bar ta ta kwana ta zama kindirmo, ta kaɗa ta fitar da man shanu, ta dama fura ta sayar, kuɗinta a hannu kafin la'asar.

Nan kuma bakin zaren ya fito. A ruga garke na maigida ne, madara ta uwargida ce. Wanda ya zauna da ardo da mazaje ya ƙulla ciniki, da wanda ba shi da hajar ya ƙulla. Ita kuwa ta iya lissafi sarai: me zai sa ta ba da ɗanyar madara a farashi guda, a ce ta jira biya, bayan nono da mai kowanne da kuɗinsa?

Ke nan madarar ba ɓata ta yi ba; mai tsayawa tsakani ne babu, kuma wannan aikin ƙaramin ɗan kasuwa ne. A Kano, kamfanin L&Z ya kafa cibiyoyin tara madara kusa da rugage, inda ake gwada ko an sirka ta da ruwa, a sanyaya, a biya matan, har da ƙarin kuɗi ga iyalin da suka sa 'ya'yansu makaranta. A Kaduna ƙungiyar makiyaya ta MILCOPAL ce Arla ta haɗa hannu da ita. A Nijar, cibiyoyin Hamdallaye da Kollo ke karɓa daga masu babura su kai wa kamfanin Solani a Yamai, kuma suna sayar wa makiyaya dusa don kada tatsa ta tsaya da rani. A ganina dusar nan ta fi duk wata takardar yarjejeniya riƙe makiyayi.

Sai dai a Maris 2024 Babban Bankin ya janye takunkumin dalar. Yanzu mai babur da jarkokinsa da garin madarar Turai ne ke goga kafaɗa a kasuwa guda, ba mai raba su sai farashi.