Ƙwarin Murjani: Hattara Kafin a Saka Sabon Ɓalli a Tanki

Murjanin da mata ke ratayawa a wuya ƙashin wata dabbar teku ce, kuma dangin wannan dabba ne mutane ke kiwo da ransu a cikin ɗakunansu a Amurka, Jamus, Ingila da Japan. Tankin gilashi ake cikawa da ruwan gishiri, a riƙe ɗuminsa a wajen digiri 25, a kunna masa fitilu masu ƙarfi, domin murjani yana samun yawancin abincinsa daga wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin namansa, su kuwa haske suke buƙata.

Ba a cika sayen babban murjani ba. Ɓalli ake saye, ɗan reshe da bai fi gaɓar yatsa ba, an manna shi da gam a kan ɗan mazauni na siminti ko tangaran. Cinikin yana da alheri, don duk ɓallin da aka yanko daga tankin wani ya rage wanda za a faso daga tekun Indonesiya ko Ostareliya. Sai dai ta wannan hanyar ce ƙwari ke yawo daga gida zuwa gida.

Wadda masu kiwon suka fi tsoro ita ce wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai cin murjanin Acropora, mai rassa kamar ƙahon barewa, wanda yana cikin masu tsada da wuyar kulawa. Tsawonta 'yan milimita ne kawai. Idan ta ci naman murjani, launinsa yakan bayyana a jikinta, sai ta kwanta a kan reshe ta saje da shi. Mai tanki ba ya ganinta, sai dai ya ga wasu fararen ɗigo-ɗigo inda ta gatsa, ya ga murjani yana koɗewa daga gindi. Abin mamaki, a cikin tankuna masana suka fara bayyana ta a 2011, sai daga baya aka gano ta a teku, a tsibirin Lizard na Ostareliya. Wato masu kiwo sun sha wahalarta tun kafin a san inda take zama a asali.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai jan ƙwaro ɗan mitsitsi, dangin jatan lande, shi ma Acropora yake bi. Akwai farin dodon-koɗi marar kwanso mai cinye murjanin Montipora da dare. Akwai kuma Aiptasia, dabba mai kama da fure, wadda ke harbin maƙwabtanta. In ka yayyaga ta don ka kashe, kowane guntu na iya zama sabuwa.

Matakin da kowa ya sani shi ne tsomawa. A zuba ruwan gishiri irin na tanki a kwano, a sa magani kamar Coral Rx ko Revive bisa adadin da aka rubuta a kwalba, a tsoma ɓallin na 'yan mintoci ana fesa masa ruwan da sirinji don ƙwarin su saki. Sannan a ɗauraye a wani kwanon dabam. Ruwan ledar da aka kawo shi a ciki kuwa zubar da shi ake yi, ko ɗigo ba ya shiga tanki. A duba gindin kwanon farko da gilashin ƙara girma, a nan ake ganin baƙin da suka biyo kaya.

To, a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Tsomawa tana kakkaɓe manyan ƙwari, amma ba ta kashe ƙwai. Tsutsar nan takan jera ƙwanta a gindin reshe inda nama ya mutu, ko a ƙarƙashin mazaunin siminti, kuma ɓawon ƙwan yana kare abin da ke ciki daga magani. Mutum ya tsoma, ya ga kwano fes, ya saka ɓalli a cikin babban tanki da murna. Bayan mako biyu ko uku ƙwai sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun watsu cikin duwatsun da ba ya iya fitarwa.

Saboda haka ƙwararru ba sa yarda da tsohon mazauni. Suna yanke murjanin daga samansa, su jefar da shi tare da mataccen gindin, su manna lafiyayyen reshe a kan sabo. Wasu na ganin asara ce a zubar da ɗan naman da ya riga ya bazu a kan simintin. A ganina ƙaramar asara ce ƙwarai in aka auna ta da tankin da aka yi shekaru ana raino.

Abin da ya fi duka shi ne killacewa. Mai kiwon kaji da ya san aikinsa ba ya sakin kazar da ya sayo daga kasuwa cikin garke a ranar, sai ya ware ta ya ga lafiyarta. Haka ɓalli yake buƙatar ƙaramin tanki nasa, da fitilarsa da famfonsa da kayan aikinsa waɗanda ba a haɗawa da na babban. A bar shi mako 4 zuwa 6, ana maimaita tsomawa duk mako, domin a kama abin da ya ƙyanƙyashe kafin ya girma ya yi nasa ƙwan. A riƙa haska tocila da dare, lokacin da ɓoyayyu ke fitowa. Masu tsananin taka-tsantsan sukan kai kwana 76, don ƙwayar cutar fararen ɗigo ta kifi tana iya maƙalewa a jikin siminti ta yi fiye da wata biyu tana jira.

Mai sayarwa zai ce maka kayansa tsaf suke, kuma mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba, shi ma bai gani ba ne. Ka dubi tankinsa duka, ba ɓallin da kake so kaɗai ba, sannan duk da haka ka killace. Magani bayan ɓarna yana da ɗaci: jan ƙwaron nan da maganin tsutsar zuciyar karnuka ake kashe shi, kuma maganin yana hallaka ƙaguwa da jatan landen da ke tankin gaba ɗaya.

Akwai kuma haɗari ga mutum kansa. Wasu murjanai masu laushi, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafi mai tsanani wanda ke shiga ta rauni, ta ido ko ta numfashi. A 2018 an kai mutum 10 asibiti a yankin Oxfordshire na Ingila bayan an goge duwatsun wani tanki a cikin gida. Duk wanda zai yanka ko ya kankare ɓalli, ya sa safar hannu da tabarau, ya buɗe tagogi, kuma kada ya kuskura ya zuba wa dutsen tanki tafasasshen ruwa.