Ƙulli a Nono: Kada A Jira Sai Kaka

'Yan'uwa manoma na Lahodu da kewayen Wurno, Rabah da Goronyo, kowannenmu ya san wuta-wuta. In aka tuge ta kafin ta yi fure, gero ya tsira. In aka bar ta ta zuba iri, gonar ta shiga uku. Haka sankarar nono take, wadda muke kira daji.

Ciwon nan ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 ya kama mata miliyan 2.3, ya kashe 670,000. A Nijeriya shi ne dajin da ya fi kama mata. Abin baƙin ciki, yawancin matanmu ba su isa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Me ke kawo jinkiri? Da fari ƙullin ba ya zafi, sai mace ta yi shiru don kunya. In ta faɗa, maigida ya ce a bari sai an sayar da albasa ko shinkafa. Kafin nan an sha jiƙo, an shafa magani, wani lokaci har wanzami ya yi sakiya. Duk wannan ba ya kashe daji, lokaci kawai yake ba shi.

Kowace mace ta duba nononta sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta gama al'ada. Ta lura da ƙulli a nono ko a hammata, kan nono da ya shige ciki, jini daga kan nono, ko fata da ta koma kamar ɓawon lemo. Yawancin ƙulli ba daji ba ne, amma likita ne kaɗai zai bambance, bayan ya ɗauki hoto ya ɗebi 'yar tsoka ya auna. Shirin da hukumar ta kafa a 2021 yana so a gama wannan bincike cikin kwana 60.

A fara da asibitin kusa, a karɓi takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai sashen masu ciwon daji. Wadda ta je da wuri tana iya warkewa ta koma cikin iyalinta.

To, ina aikin ƙungiyoyinmu? Tun da muna tara kuɗi don taki da iri, mu ware wani abu a asusu don kuɗin mota da na awo. Zumuntar mata ta gayyato ma'aikaciyar lafiya ta koya musu dubawa. Mu maza kuwa, ran da uwargida ta ce ta ji ƙulli, mu ajiye fartanya mu raka ta asibiti a makon nan.