Raƙumin Dawa a Cikin Gona: Abin da Nazari Ya Gano a Yankin Kure na Jamhuriyar Nijar

Gabatarwa

Bahaushe ya raba duniyarsa gida biyu, wato gida da daji. Akwai dabbobin gida, akwai namun daji, kuma sunan dabba kan nuna ɓangaren da aka ajiye ta, kamar yadda ake cewa karen daji da aladen daji da raƙumin dawa. To amma a yau gonaki da hanyoyin mota da garuruwa sun cinye mafi yawan dajin da waɗannan sunaye ke nufi. Wannan ne ya sa masana ilimin dangantakar halittu da muhallinsu suka mayar da hankali ga wata tambaya: yaya naman daji ke rayuwa a wurin da ɗan'adam ya riga ya sauya wa kama? A wannan maƙala zan ɗauki misali guda, wato raƙumin dawan Afirka ta Yamma, in bayyana yadda ake nazarinsa, da abin da aka gano, da kuma inda mu ɗaliban harshe muka shigo cikin lamarin.

Sunansa da Asalinsa

Ba Bahaushe kaɗai ya ga kamannin raƙumi a jikin wannan dabba ba. Sunan da masana ke kiran ta da shi, Giraffa camelopardalis, ya ƙunshi kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar raƙumi da damisa, saboda dogon wuya da kuma rodi-rodin jiki. Nau'in da ke Afirka ta Yamma ana ƙara masa sunan peralta. Wani masani ɗan Ingila mai suna Oldfield Thomas ne ya raɗa masa shi a shekarar 1898, bayan ya nazarci ƙasusuwan wani da aka samo daga wajajen Lakwaja, inda kogin Kwara ya haɗu da na Binuwai. Ke nan daga ƙasarmu aka fara sanin sa a ilmance. Ya fi sauran 'yan'uwansa hasken fata, kuma babban namiji kan wuce mita 5 a tsayi.

A farkon ƙarni na 20 ana samun sa tun daga Senegal da Muritaniya har Mali da Nijar da Nijeriya. Farauta da bindiga, da sarar daji don noma, da kuma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 suka ƙarar da shi ƙasa bayan ƙasa. Ya zuwa 1996, guda 49 kacal aka ƙirga, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai a kan hanyar Doso. A da ana zaton waɗanda ke arewacin Kamaru da Chadi, da na gidajen ajiye namun daji a Turai, duk irinsa ne. Sai binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2007 ya nuna cewa waɗancan na nau'in Kordofan ne. Ma'anar wannan ita ce, idan na Nijar suka ƙare, to babu inda za a sake samo iri.

Yadda Ake Gudanar da Nazarin

A yankin Kure babu shinge, kuma ba a tashi kowa ba. Ƙauyukan Zabarmawa ne da rugagen Fulani, da gonakin gero da wake, raƙuman dawa kuma suna kai-kawo a tsakaninsu. Tun shekarun 1990 manazarta irin su Isabelle Ciofolo da Yvonnick Le Pendu suka fara bin su, daga baya wasu suka ɗora.

Hanya ta farko ita ce ƙidaya ta hoto. Rodi-rodin jikin kowane raƙumin dawa daban yake, kamar zanen yatsun mutum, kuma ba ya sauyawa har tsufa. Saboda haka ake ɗaukar hoton kowanne ta dama da ta hagu, a ba shi lamba, a adana a kundi. Da damina, lokacin da suka fi taruwa wuri guda, ake fita a gwada waɗanda aka gani da na cikin kundin. Ta haka ake sanin wadda ta haihu, da wanda ya ɓace, ba tare da an ƙirga ɗaya sau biyu ba.

Hanya ta biyu ita ce bin sawu. Da farko da ƙafa da mota ake yi tare da 'yan jagora na yankin. Daga baya aka riƙa ɗaura wa wasu ƙaramar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, wadda ke nuna inda dabbar take dare da rana. Hanya ta uku kuwa ita ce hira da manoma da makiyaya, domin jin irin ɓarnar da ake yi musu da kuma yadda suke kallon dabbar.

Abin da Aka Gano

Abu na farko shi ne raƙumin dawa yana cin rani kamar mutanen yankin. Da damina yakan zauna a kan tudu, a wani irin daji mai ratsi, inda layin geza da sabara ke bin layin fako. Ruwan sama da ya sauka a kan fakon ba ya nutsewa, sai ya gangara ya shayar da layin itatuwan da ke gabansa. Idan rani ya yi, sai ya sauka kwarin Dallol Boso, wato tsohuwar hanyar kogi mai ruwa kusa da ƙasa. Kalmar dallol kanta Fulatanci ce mai nufin kwari. Abin da ke jan sa can shi ne gawo. Kowa ya san halin gawo: yakan kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Manomi yana barin sa a gona saboda yana ƙara wa ƙasa taki kuma ba ya yi wa gero inuwa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi. Ashe ke nan itacen da manomi ya bari don amfanin kansa shi ne rumbun raƙumin dawa a lokacin da daji ya bushe. Yakan haɗa da aduwa da taramniya da sauran itatuwa masu ƙaya.

Abu na biyu shi ne saurin yaɗuwa. Mace takan ɗauki ciki na kusan wata 15 ta haifi ɗa guda, don haka ba dabba ce mai saurin yawa ba. Duk da haka nazarin da Jean-Patrick Suraud da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya nuna garken yana ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara. Dalili shi ne zaman mutane ya riga ya kori zaki da sauran masu cin jariransa, ita kuma dokar Nijar ta 1998 kan farauta ta hana kashe shi. Daga 49, adadin ya haura 600 a 2017. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sauko da shi daga jerin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa zuwa matakin da bai kai wannan tsanani ba.

Abu na uku shi ne abin da masu iya magana ke cewa, zo mu zauna, zo mu saɓa. Raƙumin dawa bai damu da gero ba, sai dai ya tattake shi in yana wucewa. Amma yana son wake da harawa da mangwaro. Manomi kan ɗora harawa a bisa don kada awaki su kai gare ta, alhali ga dabba mai wannan tsayi an kawo mata abinci ne daidai baki. Ga wanda wake ne abin da zai sayar ya yi cefane, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Shi ya sa ƙungiyoyin da ke kare dabbar suka haɗa aikinsu da gina rijiyoyi da ba da ƙananan rance da dashen itatuwa, domin mutanen ƙauye su ga wata riba a zaman tare. A ɗaya ɓangaren kuma, sarar itacen girki da ake kaiwa Yamai da buɗe sababbin gonaki suna rage dajin tudu, motoci kuma kan buge wasu a kan titi.

Garke Ɗaya, Haɗari Ɗaya

Tun da duka garken daga 'yan tsiraru ya fito, kuma wuri guda yake, annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya shafe shi. Don haka a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki guda 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba. A 2022 aka ƙara kai guda 4, kuma an samu haihuwa a can. Wani haɗarin shi ne rashin tsaro. A ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 masu aikin agaji da 'yan Nijar 2. Wannan ya durƙusar da zuwan baƙi masu yawon buɗe ido, wanda 'yan jagora ke ci da shi, ya kuma sa fita aikin bincike ya yi wuya.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

A ganina ruwansa ya yi tsaki. Kashi mai yawa na wannan nazari hira ce, kuma hirar ba da Faransanci ko Turanci ake yin ta ba. Idan mai tambaya ya ce wa manomi "daji", shi kuwa manomin yana bambanta gona da saura da fako da fadama da burtali. Wanda ya tattara su a kalma guda ya zubar da rabin amsar. Haka nan akwai bambanci tsakanin a tambayi mutum "yana yi maka ɓarna?" da a ce "me yake ci a gonarka?" Ta farko tana gayyatar kuka, ta biyu tana neman bayani. Sannan sunayen itatuwa da dabbobi suna bakin tsofaffi da mafarauta da masu magani, kuma idan dabba ta ɓace, sunanta kan rage sai a tatsuniya da karin magana. Tattara waɗannan sunaye da kirarinsu aiki ne da ɗalibi zai iya ɗauka a kundin digirinsa, masanin kimiyya kuma ya amfana.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa naman daji na iya tsira a tsakiyar gonaki idan aka san abin da yake ci, da inda yake zuwa a kowane lokaci na shekara, da kuma wanda ke ɗaukar asarar zama da shi. A Nijeriya ma tambayar tana nan, ko a kan giwayen Yankari da ke shiga gonakin maƙwabta, ko a kan ungulu da ta yi wuyar gani a mahautanmu. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu gida, ya zauna da dattawan garinsu ya rubuta sunayen namun dajin da suka sani a ƙuruciyarsu, ya kuma tambaye su wanne ne ya rage.