Akwatin Wuta Mai Araha Na Iya Kurmantar Da Rediyo Mai Tsada

Duk wanda ya san birnin Jos ya san Dilimi. Sunan kogin da ya ratsa garin ne, wanda aka daɗe ana wanke kuza a gaɓarsa, kuma sunan unguwar cinikin nan ce da ta shahara da kayan gyaran mota da na lantarki, sababbi da na gwanjo. Daga cikin hajar da akan tarar a rumfunan wurin akwai waɗansu akwatunan ƙarfe masu huje-huje, waɗanda aikinsu shi ne su karɓi wutar gida su mai da ita irin ta batir. Mai saye yakan ɗaga ɗaya ya ji sakayau, ya taya ya ji da sauƙi, ya biya ya kama hanya. Sai ya isa gida ya haɗa da rediyonsa, sa'an nan ya tarar tashar da jiya yake ji tangaran yau ta nutse cikin ƙara kamar ana suyar ƙosai.

Waɗanda wannan al'amari ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu sha'awar rediyo, watau mutanen da ke kafa 'yar tasha a gida, da lasisin hukuma, suna zantawa da takwarorinsu na ƙasashen duniya ba don neman kuɗi ba. Abin ya daɗe. A watan Nuwamba na 1923 ne irin waɗannan mutane suka fara musayar saƙo tsakanin Faransa da Amurka a gajeren zango, a 1925 kuma suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris. Kowannensu yana da lambar kira: ta ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, marigayi Sarki Husaini na Jodan kuwa tasa JY1 ce. Amma fa matsalar ba ta tsaya kansu su kaɗai ba. Jama'ar Arewa sun saba da gajeren zango tun da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma duk mai murɗa akwatinsa a mita 49 ko 31 ko 19, wannan ƙara tana iya shiga tsakaninsa da labarun duniya.

IRI BIYU NE

Rediyon da ke karɓa yana kuma aikawa, yawancinsa an ƙera shi ne don ya ci wuta irin ta mota, wadda ƙarfin turinta bolt 13.8 ne. Wutar gida a Nijeriya kuwa bolt 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa guda. Saboda haka tilas a sami abin da zai rage ta, ya kuma miƙar da ita. Masu yin wannan aiki iri biyu ne.

Na farko shi ne tsohon yayi, mai ƙatuwar taransifoma ta ƙarfe da tagulla a ciki. Yana da nauyi ainun, domin wanda zai ɗauki rediyo mai wat 100 yakan haura kilo 10. Yana da zafi, yana da tsada, kuma kusan rabin wutar da ya sha a zafi take tafiya. Sai dai shiru gare shi, ba ya damun rediyo.

Na biyu shi ne mai kunna-kashe, wanda a jikin kwalinsa akan ga kalmar Switching. Shi dabararsa daban ce. Yakan fara miƙar da wutar gida, sa'an nan ya riƙa kunna ta yana kashewa sau dubbai barkatai a daƙiƙa guda, kuma saboda wannan sauri 'yar ƙaramar taransifoma ta ishe shi. Shi ya sa wanda ke ba da wuta daidai da wancan mai kilo 10 bai cika wuce kilo 2 ba, kuma kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha, ko ma fiye, yana isa ga rediyo. Kwamfutar Apple II ta 1977 tana cikin na'urorin da suka fara yaɗa wannan dabara a gidajen mutane. A yau cajar waya, da talabijin, da ƙwan fitila na zamani, da inbata, duk da ita suke aiki.

INDA GIZO KE SAƘA

Ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da aka datse wuta farat ɗaya, sai ta fesa ɗan tartsatsin igiyar rediyo, kamar yadda akan ji ƙas a akwati in an kunna fitilar ɗaki. To, akwatin da ke yin haka sau 50,000 a daƙiƙa ya zama 'yar tashar watsa hayaniya ke nan, kuma hayaniyar takan bayyana bayan kowane kilohas 50, tun daga matsakaicin zango har cikin gajere. Saƙon da ya taso daga wata nahiya kuwa, kafin ya iso eriya ya riga ya raunana, abin da ya rage masa bai wuce 'yan ɗigo cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Ashe ba abin mamaki ba ne hayaniyar da ke cikin ɗaki ta danne shi.

Kamfanonin kirki sun san da haka, don haka sukan sa matata a mashigar wuta da mafitarta, su kuma rufe kayan cikin akwatin ƙarfe. Akwai ma irin su Alinco DM-330MV da ke da maɓallin kawar da hayaniyar daga kan zangon da ake saurare. Masu neman riba ido rufe kuwa matatar suke fara cirewa, domin akwatin zai ba da wuta ko babu ita. Masu gyaran rediyo in sun buɗe irin wannan sukan tarar da gurbin matatar fayau, an ɗinke shi da guntuwar waya. Galibin akwatunan nan masu huje-huje ma ba don rediyo aka yi su ba, an yi su ne don fitilun ado da kyamarorin tsaro, waɗanda hayaniya ba ta dame su ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

ABIN DUBAWA KAFIN A BIYA

Abu na farko shi ne yawan wutar da akwatin zai iya bayarwa, wanda ake aunawa da amfiya. Rediyo mai wat 100 yakan ja amfiya 20 zuwa 23 a lokacin aikawa. Icom IC-7300, alal misali, 21 yake bukata. Saboda haka a nemi mai 25 ko 30. A kuma lura, waɗansu kamfanoni lamba biyu suke da ita: wadda akwatin zai jure yini guda, da wadda zai taɓa na ɗan lokaci kaɗan. Babbar ita ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali, ƙaramar kuwa ita ce ta gaskiya.

Na biyu shi ne kariya. Yawancin rediyoyin nan ba sa jure abin da ya wuce kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa da bolt 13.8, watau daga wajen 11.7 zuwa 15.9. In wani abu ya lalace a cikin akwatin wuta, turin na iya haurawa ya ƙone rediyon da kuɗinsa ya ninka na akwatin sau da yawa. Akwatin kirki yana da abin da ke katse wuta nan take in turi ya yi yawa, ko wayoyi sun haɗu, ko zafi ya wuce kima. Wannan sharaɗi ya hau kan mai taransifoma ma.

Na uku ya shafi kayan gwanjo musamman. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, kuma da yawa daga manyan akwatunan suna da ɗan maɓalli a baya ko a gefe mai lamba 115 da 230. Wanda ya cusa na Amurka a soket bai mai da shi kan 230 ba, ƙara ɗaya zai ji sai hayaƙi.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, shi ne gwaji, tun da ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya tafi kasuwa da ƙaramin rediyonsa mai batir da kuma ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan amfiya 4 da 'yan kai. A haɗa ƙwan da akwatin, domin waɗansu ba sa nuna halinsu sai sun ɗauki kaya. A ɗora mita a ga ko turin ya tsaya wuri ɗaya. Sa'an nan a ja da baya kamar taku uku, a murɗa rediyon zuwa inda babu tasha a gajeren zango, a kashe akwatin a kunna. In ƙara ta zo da kunnawa ta tafi da kashewa, an kama ɓarawo. Da yake kasuwa cike take da janareto da cajoji, ya kyautu a yi sharaɗi da mai rumfa a gaban shaida cewa za a sake gwadawa a gida, in bai yi ba a mayar.

HALIN JOS

Jos na cikin garuruwan da suka riga saura ganin lantarki, albarkacin kuza, domin tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO mai samar da wuta daga ruwan Kurra saboda ma'adinai. Duk da haka, a nan ma kamar sauran sassan ƙasar, wuta takan yi sama ta yi ƙasa, ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. A wannan fanni mai kunna-kashe na kirki ya fi tsohon yayi haƙuri da raunin wuta, amma dawowarta da ƙarfi na iya halaka shi, don haka a cire shi daga soket da zarar an ɗauke.

Garin yana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, abin da ke taimakon eriya, amma damina a nan da tsawa take zuwa. Hadari na haɗuwa a zare wayar eriya da ta wuta gaba ɗaya. Da hunturu kuma ƙura kan toshe fankar akwatin, sai a riƙa share ta. A kafa sandar tagulla a ƙasa mai laima a ɗaure jikin akwatin da ita, a yi amfani da waya gajera mai kauri, a sa fis kusa da mafita, kada kuma a kuskura a juya ja da baƙi. In akwai ragowar ƙara, nannaɗe wayoyin a zoben ferit yakan rage ta.

Wanda bai sami akwatin da ya gamshe shi ba, yana da mafita: babban batir, irin na sola ko na mota. Batir ba ya hayaniya ko kaɗan. Sai a yi cajinsa lokacin da rediyo ke kashe, a kuma kashe inbata lokacin saurare.

Daga ƙarshe, akwai haƙƙin maƙwabtaka. Hayaniyar mugun akwati ba ta tsayawa a ɗakin mai shi, takan bi wayar lantarki ta shiga gidajen da ke kewaye, ta hana dattijon da ke zaure jin labarun asuba, shi kuwa ya yi ta ɗora laifi a kan batir ko tsufan rediyonsa. Mai kunna-kashe ba abin gudu ba ne, dubban masu sha'awar rediyo a duniya da shi suke aiki lafiya lau. Abin gudu shi ne wanda aka saya don sauƙin kuɗinsa kawai, ba a saurare shi ba. Hausawa dai sun riga sun yanke hukunci: sayen nagari, mai da kuɗi gida.