Yauni, Sanda da Faifai: Gyaran Na'urar Gano Ƙarfe a Kwarin Rima

Masuntan Argungu sun san kifin nan da ake kira yauni, wasu kuma su ce ɗan sarki. Dogo ne, wutsiyarsa siririya, kuma in yana tafiya cikin ruwa ba ya karkaɗa jiki kamar sauran kifaye. Miƙewa yake yi samɓal, sai dogon fiffiken da ke bisa gadon bayansa kaɗai ke kaɗawa, ya kai shi gaba ko baya yadda ya ga dama. A shekarar 1951 wani masanin dabbobi na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, Hans Lissmann, ya bayyana cewa wannan kifi yana fitar da wutar lantarki mai rauni daga wajen wutsiyarsa ba dare ba rana, kimanin bugu 300 a kowane sakan. A 1958 shi da abokin aikinsa Kenneth Machin suka nuna cewa da wannan wuta kifin ke bambance abin da lantarki ke ratsawa da wanda ba ya ratsawa, ko da an ɓoye su cikin tukwanen yumɓu iri ɗaya. Da haka yake laluben hanya cikin ruwan laka. Miƙewar jikin kuwa ba yanga ba ce. Da zai riƙa lanƙwasa, da wutar da ke kewaye da shi ta riƙa sauya siffa, har ya kasa rarrabe motsin kansa da abin da ke gabansa.

Wannan ita ce matsalar da ke jiran duk wanda ya riƙe na'urar gano ƙarfe, watau sandar nan mai faifai a ƙasanta wadda ake shafa ƙasa da ita har ta yi ƙara. Na'urar da maganaɗisu take aiki, kifin kuwa da lantarki, amma sharaɗin ɗaya ne: abin da ke sauraro dole ya natsu, kada ya ji kansa.

Yadda ta shigo, da abin da ba za ta samo ba

Na'urar ta yi suna a ƙasar Hausa ne ta dalilin zinariya. A 2014, da labari ya bazu cewa an ga zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, dubban mutane suka kwarara zuwa hamada, da yawansu ɗauke da irin na'urorin da aka riga aka saba da su a Sudan. A Jihar Kebbi ma ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri, kuma jihar na cikin wuraren da aka fara gwada shirin Gwamnatin Tarayya na tsara ƙananan masu haƙa, wanda a Yulin 2020 ya gabatar da dunƙulen zinariya mai nauyin kilo 12.5. Ta wannan hanya na'urori, sababbi da kwance, na gaske da na jabu, suka shiga kasuwa, har ya zama mutum na iya mallakar ɗaya don sha'awa kawai.

Sai dai wanda ke zaune a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ya kamata ya san irin ƙasar da yake takawa. Zinariyar jihar tana kudu ne, inda tsofaffin duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka fito fili, wajen Yawuri da Zuru. Birnin Kebbi da Argungu kuwa suna zaune bisa yashi da yumɓu da suka kwanta a kwarin Sakkwato, shimfiɗar da masana duwatsu suka raɗa wa sunan Gwandu. Wanda ya sayar da tumakinsa ya sayi na'ura don ya tono zinariya a bayan gida ya yi asara tun kafin ya kunna ta. Abin da ƙasar nan ke ɓoyewa daban ne: kwabo mai huji na zamanin Turawa, anini, liyarin azurfa mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780, zoben da ya faɗi a filin idi, kan mashi, linzami, turakun ƙarfe na iyakar fili. Tare da su akwai ƙusoshi da marafan kwalba da guntayen rodi ba iyaka, musamman a unguwa irin Gesse inda gini bai tsaya ba tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1991.

Cikin faifan na'ura akwai naɗin waya biyu. Na farko yana aika maganaɗisu mai jujjuyawa cikin ƙasa, sau dubbai a sakan. In ya tarar da ƙarfe sai ya tayar da 'yar wuta a jikinsa, ita kuma ta mayar da nata maganaɗisun, wanda naɗi na biyu ke ji. Ƙa'idar Michael Faraday ce ta 1831, shekarar da aka ce an gina tsohuwar fadar Argungu wadda a yau take Gidan Tarihi na Kanta. Amsar da ƙarfe ke mayarwa tana da rauni ƙwarai, kuma tana dusashewa da sauri: ga ƙaramin abu kamar kwabo, in nisansa da faifai ya ninka, ƙarfin amsar na iya komawa kashi ɗaya cikin 64. Saboda haka ƙaramin ƙarfe a kusa ya fi babba a nesa amo.

Alexander Graham Bell ya ɗanɗana wannan. A 1881, da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Bell ya kawo na'urar da ya haɗa don neman harsashin. Ta yi ta ƙara a wuri mai faɗi ba tare da ta nuna komai ba. Daga baya aka lura cewa gadon da majiyyacin ke kwance yana da wayoyin ƙarfe, ga shi kuma likita ya taƙaita binciken a gefen dama alhali harsashin yana hagu. Garfield ya rasu a watan Satumba na shekarar.

Abin da ake gyarawa da abin da ake bari

Mai sha'awa ba shi da hurumin taɓa cikin faifai ko akwatin sarrafawa. Hurumin nasa shi ne abin da ke riƙe da su: sanda, noti, mazaunin damtse, maratayi, marfin faifai. Nan ne kuma ake yawan ɓata na'ura da kyakkyawar niyya.

Abin da ya fi saurin karyewa shi ne kunnuwan da suka haɗa faifai da sanda, da notin roba da ya ratsa su. Al'adarmu in abu ya karye a kai wa mai walda, ko a sayo noti na ƙarfe a shagon kayan babur domin ya fi ƙarko. Wannan gadon Garfield ne aka ɗaura wa na'ura. Gaskiya ne yawancin na'urorin zamani ƙarfe mai motsi suke ji, don haka notin da ya ɗaure tamau ba lallai ya sa ta ƙara ba. Amma yana gurɓata daidaiton naɗin biyu, yana rage zurfin ji, kuma ranar da ya ɗan saki, duk lilon faifai sai ta yi kuka. Noti ya zama na roba mai tauri, da wasa na roba a gefe biyu. In babu, turken katako busasshe da aka fere daidai ramin ya fi ƙarfe. Haka ƙasan sanda: tsawon kamu biyu daga faifai kada a sami ƙarfe ko alminiyam. Bututun roba na ruwan famfo yana iya maye gurbin wanda ya karye, amma yana da aibi guda, yana lanƙwasa, kuma zafin rana na ƙara masa laushi. Maganin shi ne a cusa masa busasshiyar sandar gora ko katako a ciki har ya miƙe kamar yauni.

Wayar da ta taso daga faifai zuwa akwati ita ma jan ƙarfe ce, na'urar tana iya jin ta. In an bar ta tana reto, ƙarar ƙarya ba za ta ƙare ba. A naɗe ta a jikin sanda, a ɗaure da ƙyalle ko tef, a bar ɗan sassauci daidai gaɓar faifai don kada ta tsinke daga ciki. Kada a ɗaure da waya. Kada kuma a yanke ta a yi mata ƙari a wurin mai gyaran rediyo, domin an auna ta ne tare da faifan.

Ana manta jikin mai riƙon. Takalmi mai ƙarfe a baki, agogo, zoben azurfa a hannun da ke ɗebo ƙasa a gaban faifai, wayar salula a aljihun gaba, duk suna shiga lissafi. Magirbi ko 'yar diga a rataya ta a baya, nesa da inda faifai ke kaiwa.

Gwiwar hannu ba ƙarfe ba ce

Ƙaramar na'ura ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Manyan na neman zinariya sun fi haka nesa: GPZ 7000 ta kamfanin Minelab na Ostireliya, wadda ta fito a 2015, ta haura kilo 3, shi ya sa ake sayar da ita da maratayinta. Amma ba nauyin ne ke gajiyar da mutum ba, inda nauyin ya zauna ne. A ɗauka faifai rabin kilo ne, yana nisan santimita 90 daga mariƙi, mazaunin damtse kuma yana santimita 30 a bayan mariƙin. In aka miƙe sandar, hannu zai danne bayanta da ƙarfin da ya kai kilo ɗaya da rabi, ninki uku na nauyin faifan. In ana lilo sau ɗaya a sakan biyu, lilo 1,800 ke nan a awa guda. Jijiyoyin da ke ɗaga wuyan hannu duk sun taru ne a ɗan ƙashin da ke gefen waje na gwiwar hannu, kuma nan ciwon ke farawa: zafi in an murɗa mabuɗi ko an ɗaga buta. Ciwo ne mai naci, yakan ɗauki watanni.

Gyara uku ke rage wannan, kuma duk ba su da tsada. Na farko a rage tsawon sanda har faifai ya sauka ɗan gaba da yatsun ƙafa, mutum yana tsaye ba sunkuye ba. Na biyu a mayar da nauyi baya, watau a ɗaura batir ko wani ɗan nauyi ƙarƙashin mazaunin damtse. Abin mamaki, na'urar ta ƙara nauyi a sikeli amma ta fi sauƙi a hannu. Na uku maratayi: ɗamara mai faɗi da ta ratsa kafaɗu biyu, da igiyar roba daga ƙirji zuwa daidai mariƙi, ta yadda faifai zai tsaya da kansa yana shafar ƙasa. Baduku na iya ɗinka ta, robar kuwa ta tsohon tub ɗin babur ta isa. A nan ƙugiyar ƙarfe ba laifi, tunda ta yi nisa da faifai. Ribar maratayi ba ta tsaya ga lafiya ba. Hannun da ya gaji yakan ɗaga faifai a ƙarshen kowane lilo, kuma kowane santimita da aka ɗaga an rage shi ne daga zurfin da bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba ga kwabo.

Marmara, ƙura da rana

Tuddan da ke kewaye da Birnin Kebbi suna da marmara, jar tsakuwa mai tama a ciki, ita ma tana amsa wa faifai. Dole a daidaita na'ura da ƙasar wurin kafin a fara, a sake in an sauka daga tudu zuwa fadama. A irin wannan ƙasa ƙaramin faifai yakan fi babba natsuwa, ko da yake kasuwa babba take tallatawa. Marfin da ke kare ƙasan faifai, wanda ake iya yankowa daga gindin bokitin roba, yana tara ƙurar marmara, ita kuma tana zirga-zirga a ciki tana ta da ƙara. A cire shi a wanke bayan kowace fita. Kusa da manyan wayoyin wuta da suka taso daga Kainji kuwa babu gyaran da zai yi, sai dai a matsa.

A watan Afrilu zafin garin yakan haura digiri 40. Gilashin akwati yakan yi baƙi, batir ya yi saurin mutuwa. Farar riga ta ƙyalle ta fi baƙar leda, wadda ke dafa abin da ta rufe. A fadamar Rima a tuna cewa faifai da yawa ba sa jin ruwa, amma akwati yana ji, sai in an rubuta akasin haka. Kuma wanda ya toshe kunnuwa biyu da abin sauraro a cikin ciyawa ba zai ji kububuwa ba sa'ad da take goga jikinta tana gargaɗi. A bar kunne ɗaya a buɗe, a sa takalmi mai rufi.

Inda ba a tonawa

Na'urar da aka gyara da kyau za ta ja mai ita zuwa kufai, domin can ne ƙasa ke da labari. Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato, yana cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, kuma a 2007 aka sa shi a jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO. Tsohon Birnin Kebbi, wanda rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci a 1805, yana ƙarƙashin ƙafafun mutanen garin. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, ta hana tona don neman kayan tarihi ba da izinin hukumar ba, ta kuma hana cinikinsu. Haƙar ma'adinai ma sai da lasisi, bisa dokar 2007.

Dalilin hanin na kimiyya ne. Kan mashi da aka zaro daga rami ya rabu da gawayin da za a auna a san shekarunsa, da katangar tukunyar da ke gefensa, da zurfin da aka same shi. Tsohon ƙarfe kuma da zarar ya sha iska yakan soma ɓarewa. Wanda ya ci karo da irin wannan a gonarsa ko filinsa, ya ɗauki hoto yadda abin yake kwance, ya auna zurfin, ya rubuta wurin, ya mayar da ƙasa, sa'an nan ya sanar da ma'aikatan hukumar ko na Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu.