ASHE ARAHA TANA ADO?

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni ma haka na ɗauka, har sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a Nyanya. Abin da na koya a can game da gyaran ɗaki shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, gama galibinmu, in Allah ya kai mu ga fita, da ɗakin haya guda za mu soma, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata sai da dabara.

Ga wanda bai san Nyanya ba, gari ne a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, dab da iyakar Jihar Nasarawa, in ka wuce shi kaɗan ka shiga Mararaba. Asali ƙasar Gbagyi ce. Amma tun da aka zartar a 1976 za a gina sabon babban birni, har gwamnati ta taso daga Ikko a 1991, ma'aikata suka yi ta kwarara can, domin hayar cikin birni ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka gidaje a cushe suke, ɗakuna kuwa ƙanana.

Ɗakin da na samu taga ɗaya gare shi, bangonsa shuɗi mai duhu, da ƙwan lantarki guda a tsakiyar rufi. Ran da na karɓi ɗan guzurina, sai na sayi wata fitila mai walƙiya ja da kore a hannun mai talla cikin cunkoson motoci, da wani ƙaton hoton dutsen ƙanƙara na ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Kafin mako ya zagayo fitilar ta mutu. Ga littattafan yara tuli ina dubawa da dare, idona na ruwa, kaina na ciwo, har na soma mayar da aikin yara ba gyara. Wata dattijuwar malama ta lura, ta zo ta duba ɗakin, ta ce, "Ɗana, ka sayi ado ka bar haske. Wa zai ga ado a cikin duhu?" Na ce, "Gaskiyarki, Mama." Daga nan na sake shiri, ga kuwa yadda abin yake hawa-hawa.

Abu na farko haske. Hasken da ya fi kowane araha shi ne na rana, bango kuwa shi ke riƙe shi ko ya cinye shi. Farin bango yana mayar da wajen kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuwa sai ya shanye mafi yawansa. Na nemi iznin mai gida, na shafe ɗakin da farin fenti, na rataye madubi daura da taga, na cire labule mai kauri na sa marar nauyi. Sai ka ce an ƙara wa ɗakin taga ta biyu.

Game da dare, a sayi ƙwan nan da ake kira LED. Mai wat 9 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60. To, mu yi lissafi, tun da malamai ne mu. In ana kunna tsohon ƙwan awa 5 kullum, a kwana 30 ya ci yunit 9 na mita, sabon kuwa bai kai yunit ɗaya da rabi ba. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, har ma masana uku 'yan asalin Japan da suka buɗe hanyar yinsa sun sami lambar Nobel a 2014. In za ka saya, duba jikin kwalin, akwai lamba da harafin K a bayanta. Mai 2700 ko 3000 haskensa ruwan zuma ne, ya dace da wurin hutawa, mai 6500 kuwa fari ne fat kamar tsakar rana. Har wa yau, ƙwai guda a rufi ba ya isa mai karatu, domin inuwar kansa za ta rufe takarda. A nemi 'yar fitilar tebur, a aje ta hagu in da dama mutum ke rubutu. In an sami mai caji ko mai aiki da hasken rana ya fi, saboda ranar da aka ɗauke wuta.

Abu na biyu kayan ado, kuma a nan ne na gane ashe abin nema yana bakin ƙofa. Kasuwar Nyanya ran Laraba take cika, a can na sami labule na gwanjo da tabarma. Na sayi faya-fayai biyar masu launi, na jera su a bango inda hoton ƙanƙaran nan yake dā. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, iyayenmu mata sun daɗe suna jeren ƙore da tasoshi a ɗakin amarya. A Kugbo, kafin ka iso Nyanya daga cikin birni, akwai kafintoci masu yawa. Maimakon kujerun alfarma da suke bajewa a bakin hanya, na roƙi wani ya haɗa mini kantar littattafai da guntayen katako, ya kuwa yi mini da sauƙi.

Kada kowa ya rena tukunyar ƙasa. Ku ɗauko takardar naira 20 ku juya bayanta, za ku ga Ladi Kwali tana gini. A ƙauye ta koyi sana'ar nan tun tana yarinya, a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu. Tukwanenta sun kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Akwai kuma magina a Ushafa ta wajen Bwari, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Abin da baƙi ke tsallako teku su gani, mu ne za mu ce ba ya ado? Ni dai randa ƙarama na saya na aje a kusurwa, tana ƙawata ɗaki, tana kuma sanyaya mini ruwa.

A makarantar mishan inda na yi firamare an koya mana aikin hannu, sai ga ranarsa ta zo. Na sami duma, na huhhuda shi da ƙusa bisa zanen dagi, na kifa a kan ƙwan LED, haske ya riƙa fita ɗigo-ɗigo a bango. Amma a yi hattara. Kada a yi haka da kyandir ko tsohon ƙwai mai zafi, kada kuma a toshe ƙwan sarai ba hanyar iska. Aikin waya kuwa a bar wa mai aikin wuta.

Abu na uku tsari. Ƙaramin ɗaki ba ya son tarkace. A zaɓi launi biyu ko uku a tsaya a kansu, a bar wani bango fili domin ido ya huta. Hoto a rataye shi daidai idon mutum yana tsaye, watau wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ba can kusa da rufi ba. Kada kuma a sayi kome da kome rana ɗaya, balle a ci bashi. Wata guda abu guda, sannu ba ta hana zuwa.

Da na ga amfanin wannan, sai na kai shi aji. Muka buɗe tagogin da aka toshe da kwali, muka manna zanen yara daidai tsayinsu, kowane yaro yana nuna wa ɗan'uwansa nasa. Ba mu kashe ko kwabo ba.

To, 'yan'uwa, karin maganar nan ba ƙarya ta yi ba, fitilata mai walƙiya ta shaida. Amma arahar da ba ta ado ita ce wadda aka saya don ganin ido. Wadda aka saya da tunani, randata tana nan, wanda ke shakka ya zo ya sha ruwa.

Daga wani ɗalibin aji uku